Kanti ɗaya, iyayen gida uku: ciniki, zane da rajin mata

A shekarar 1975 wata mai ɗaukar hoto a Amurka, Liza Cowan, ta ɗauki mawaƙiya Alix Dobkin sanye da tishat mai kalmomi huɗu a ƙirji: "The Future Is Female", wato gobe ta mata ce. Ba wani babban kamfani ya yi rigar ba. An buga ta ne domin Labyris Books, kantin littattafan mata na farko a birnin New York, wanda aka buɗe a 1972, kuma masu shi suna cikin ɓangaren 'yan rajin mata mafi zafin ra'ayi, waɗanda ke ganin mata su ware kansu daga maza su gina tasu duniyar. Kantin ya mutu, rigar ta ɓace, hoton ya kwanta shekara arba'in ba mai waiwayarsa.

A 2015 hoton ya sake ɓullowa a Instagram. Rachel Berks, mai wani ɗan butik a Los Angeles da ake kira Otherwild, ta gan shi, ta sake zayyana rubutun, ta buga riga 24 kacal don gwaji. Kwana biyu suka ƙare. Ta ƙara bugawa, ta kuma yanke cewa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da rigar ta kawo zai tafi ga Planned Parenthood, ƙungiyar da ke kula da lafiyar mata da tsarin iyali, wadda kuma ke zubar da ciki, abin da ya sa rabin Amurka ke yabonta rabi na tsine mata. Kafin shekarar ta ƙare, shahararriyar mai tallan kayan ƙawa Cara Delevingne, wadda ta sa rigar Otherwild aka yi ta yaɗa hotonta, ta sanar da cewa ita ma tana sayar da tata, kusan tagwayen waccan, kuɗin kuma zai tafi wata gidauniyar 'yan mata mai suna Girl Up. Berks ta fito ta koka, ta ce kalmomin na kowa ne amma zayyanar tata ce. Mutane suka taya ta surutu na 'yan kwanaki. Zuwa farkon 2017 jimlar ta hau dandalin nunin kayan yayi na New York a kan rigar mai zayyanar tufafi Prabal Gurung, ta fito daga bakin Hillary Clinton, ta kuma cika shagunan da ko sunan Labyris ba su taɓa ji ba.

Duk abin da ke wahalar da irin wannan sana'a yana cikin labarin nan. Ƙaramin shagon da ke haɗa tufafi da aikin masu zane da fafutukar haƙƙin mata yana yi wa iyayen gida uku bauta a lokaci guda. Ciniki yana son kaya su fita da sauri, da riba. Zane yana son a yi abu kaɗan, a yi shi da kyau, a biya mai shi. Aƙida kuma tana son a buɗe ƙofa ga kowace mace, har da wadda ba ta da ko sisi, a kuma ɗebi wani abu daga ribar a bayar. Kowanne daga cikin ukun yana cin rabon ɗan'uwansa. Abin da na gani cikin tarihin waɗannan shaguna shi ne, ɓangaren da ya fi fitowa fili, wato rubutun da ke ƙirjin riga, shi ne mafi araha kuma mafi sauƙin sacewa. Ɓangaren da ke da nauyi, wa ya ɗinka, nawa aka biya ta, sunan wa aka rubuta a jikin kaya, shi ne wanda ba mai sha'awar kwaikwaya, kuma shi ne ke karya mai shago.

Abin ba sabo ba ne. A Ingila, ƙungiyar WSPU da Emmeline Pankhurst ta kafa a Manchester a 1903 domin nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a ta gane da wuri cewa kanti makami ne. A 1908 Emmeline Pethick-Lawrence, ma'ajiyar ƙungiyar, ta zaɓa mata launuka uku, shunayya da fari da kore, aka kuma nemi mata su fito da su a babban gangamin Hyde Park na ranar 21 ga Yuni. Sylvia Pankhurst, wadda ta yi karatun zane, ita ke zayyana tambari da tutoci. A 1910 suka buɗe shago a lamba 156 titin Charing Cross a Landan, suna sayar da bajo da ɗamara da shayi da sabulu, har da wani wasan allo mai suna Pank-a-Squith da ke yi wa firaminista Asquith shaguɓe. Shagon ya zama wurin tara kuɗi, wurin haɗuwa, kuma ƙofar shiga ga matar da ke jin kunyar zuwa taron siyasa amma ba ta jin kunyar shiga kanti. Manyan shagunan Landan irin su Selfridges ba su ɓata lokaci ba. Suka ga kasuwa, suka shiga sayar da kaya masu launukan nan uku, suna talla a jaridar ƙungiyar.

Sai dai akwai wani abu da ita wannan Emmeline Pethick ta yi tun kafin launukan, wanda ba a cika ambata ba. A 1897, ita da Mary Neal sun kafa wani gidan ɗinki a Landan, Maison Espérance, domin 'yan matan talakawa: aikin awa takwas a rana, mafi ƙarancin albashi tsayayye, da hutu. A lokacin da maɗinka ke kwana a kan allura a ɗakuna marasa iska, wannan ba ƙaramin abu ba ne. To, a duba abin da ya bazu da abin da bai bazu ba. Launuka uku sun shiga kowane babban kanti cikin 'yan watanni. Awa takwas da albashi mai mutunci ba wanda ya yi gaggawar ara.

Dalilin yana cikin lissafi, kuma lissafin ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa riƙe shago. Al'adar ƙananan kantunan tufafi a Turai da Amurka ita ce a ninka farashin sari: abin da aka saro goma a sayar ashirin. Mai kallo daga waje sai ya ce ai riba ce tsagwaronta. Amma daga wannan rabin ne za a fitar da haya, da wuta, da albashin mai tsaron kanti, da haraji, da la'adar na'urar cirar kuɗi, da asarar kayan da suka yi kwantai. Bari in ƙirƙiro misali don a ga yadda abin ke tafiya. A ce riga tana isowa kanti a dala 15, ana sayar da ita 30, hayar wata kuma dala 4,000. Sai an sayar da riga 267 kafin a biya mai gida kaɗai. In mai shago ta yi alkawarin ba da kashi ɗaya cikin huɗu na ribar kowace riga ga wata ƙungiya, adadin ya haura zuwa 356. In kuma ta ce ba za ta sayi rigar da aka ɗinka a masana'antar da ba ta san halin ma'aikatanta ba, sai kuɗin sari ya tashi, ya rage nata ta zaɓa: ko ta ƙara farashi ta kori matan da take cewa don su ta buɗe, ko ta bar farashi ta cinye jarinta.

Ga kuma matsalar yawa. Masana'anta ba ta son ƙaramin oda. Wanda ya ce a buga masa dubu hamsin, da wanda ya ce a buga masa hamsin, ba farashi ɗaya ake ba su ba, ko kusa. Aƙida ta sake ƙara wani nauyin a nan, domin shagon da ke cewa jikin kowace mace abin girmamawa ne ba zai tsaya a girma uku ba, dole ya ajiye daga na siririya har na mai ƙiba sosai. Kowane ƙarin girma kuɗi ne a rataye, kuma na gefe-gefen nan su suka fi daɗewa kafin su samu mai saye. Babban kamfani yana iya karyar da ragowar a wani reshe. Mai shago ɗaya kuwa tana kallonsu kullum, suna shan ƙura, jarinta ne a jikin maratayi.

Ɓangaren zane ya fi daɗi a ido, a aljihu kuma ya fi rikitarwa. Yawanci ba a sayen aikin mai zane ko mai tukwane ko mai 'yan kunne kai tsaye. Ajiya ake karɓa: ta kawo kayanta a baje, in an sayar a raba, sau da yawa rabi da rabi, ko ita ta ɗauki kashi 60 kanti ya ɗauki 40. Wannan yana sauƙaƙa wa mai shago, tunda ba ta zuba kuɗi ba. Amma ma'anarsa ita ce haɗarin ya koma kan wadda ta fi rauni, mai zanen da ta sayi kayan aiki da kuɗinta, ta yi wata guda tana aiki, sannan ta zauna jiran ranar da wani zai yi sha'awa. Shagon da ke ikirarin tallafa wa mata masu fasaha, in bai yi hattara ba, sai ya wayi gari su ne ke tallafa masa, da bashin da ba ruwa ba wa'adi. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wannan hoton ko bai taɓa zuwa Los Angeles ba: matar da ke cikin gida tana ɗinkin hula makonni, idonta na raguwa, dillali ya karɓa ya kai kasuwa, kuɗi kuma sai an sayar.

Sannan akwai taro. Irin waɗannan shaguna ba sa rayuwa da sayarwa kaɗai, suna shirya karatun waƙe, da baje kolin zane, da koyar da sana'a, da tattaunawa kan cin zarafi ko albashi. Nan ne ruhin wurin yake, kuma nan ne ya bambanta da shagon da ke maƙwabtaka da shi. Amma daren da mutum sittin suka cika ɗaki, aka kwashe kaya gefe, aka jera kujeru, aka yi shayi, mai yiwuwa abin da ya shiga akwatin kuɗi bai kai na kati uku da bajo biyu ba. Wa ya biya wutar daren? Wa ya share bayan an watse? Kusan kullum amsar ɗaya ce: mai shagon, wadda ba ta sa wa kanta albashi. Abin dariya ne mai ɗaci, a ce wurin da aka buɗe don a nuna cewa aikin mata na da daraja yana tsaye ne a kan aikin mace ɗaya da ba a biya.

Wani zai ce, to ai sai a sauƙaƙa, a sayi riga mai araha a buga rubutu mai kyau a kai, a tara kuɗi a yi aikin alheri da su. An gwada, kuma a nan ne allura ta tono garma. A watan Oktoban 2014 ƙungiyar Fawcett ta Birtaniya, wadda ta samo sunanta daga Millicent Fawcett, jagorar neman ƙuri'ar mata, ta haɗa kai da mujallar Elle da kamfanin tufafi na Whistles suka fitar da tishat mai rubutun "This is what a feminist looks like", ma'ana ga kamannin mai rajin haƙƙin mata. Fam 45 ake sayarwa. Shugaban jam'iyyar Labour Ed Miliband ya sa, mataimakin firaminista Nick Clegg ya sa, 'yar majalisa Harriet Harman ta shiga majalisa da ita, aka yi ta caccakar firaminista David Cameron don ya ƙi sawa. Kwanaki kaɗan bayan haka jaridar Mail on Sunday ta buga cewa a tsibirin Mauritius ake ɗinka rigar, a masana'antar da mata baƙin haure ke karɓar fenni 62 a awa, suna kwana su goma sha shida a ɗaki. Daga baya Fawcett ta ce shaidun da Whistles ya ba ta sun nuna masana'antar na bin ƙa'ida, kuma jaridar da ta fasa ƙwan ba ta taɓa zama ƙawar 'yan rajin mata ba, kowa ya san da wata manufa ta yi. Amma lissafin ya riga ya zauna a kan mutane: a wancan albashin, sai maɗinkiya ta yi aikin sama da awa 72 kafin ta iya sayen rigar da ta ɗinka. Kuma wannan ya zo ne shekara ɗaya da rabi bayan rushewar ginin Rana Plaza a wajen birnin Dhaka na Bangladesh, ranar 24 ga Afrilun 2013, inda mutum 1,134 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinka wa Turawa kaya.

Tufafi sana'a ce da mata suka fi yawa a ƙasanta, maza suka fi yawa a samanta. Shi ya sa tambayar wa ya ɗinka take cizon shagon 'yan rajin mata fiye da kowane shago. Mai sayar da taya ba wanda zai tuhume shi da munafunci. Mai sayar da riga mai cewa mata su tashi tsaye kuwa, ta riga ta ba kowa sandar da zai auna ta da ita.

Ɗaya ƙarshen kuma shi ne tsada. A Satumban 2016 Maria Grazia Chiuri, mace ta farko da ta shugabanci zayyana a gidan Dior tun kafa shi, ta buɗe aikinta a Paris da farar tishat mai ɗauke da taken jawabin da marubuciyar Najeriya Chimamanda Ngozi Adichie ta yi a Landan a 2012, "We Should All Be Feminists", wato ya kamata dukanmu mu zama masu rajin haƙƙin mata. Farashinta dala 710. An ba da wani kaso ga gidauniyar mawaƙiya Rihanna, kuma ba shakka miliyoyin da ba su taɓa jin jawabin ba sun ji shi ta dalilin rigar. Amma kalmar "dukanmu" a kan rigar dala 710 tana da wuyar haɗiya. Ƙaramin shago yana tsaka-tsakin waɗannan biyu ne, ba shi da arahar masana'antar Mauritius, ba shi da sunan Dior da zai sa a biya ko nawa ne ba tambaya. In ya sa dala 40 a ce ya yi tsada, alhali a cikin 40 ɗin nan ne albashin maɗinkiya yake.

A nan doka ma ba ta tare da shi. A Amurka haƙƙin mallakar fasaha ba ya kare gajeriyar jimla ko take, ba ya kuma kare yankan riga, domin ana ɗaukar tufa a matsayin kayan amfani. Hoton da aka zana a jiki yana da kariya, amma kariyar da sai ka ɗauki lauya kafin ta yi aiki. A 2016 wata mai zane a Los Angeles, Tuesday Bassen, ta zargi babban kamfanin tufafi na Zara da kwafe zanen bajojinta. Amsar da lauyoyin kamfanin suka aiko, wadda ta wallafa, ta ce zanen nata ba shi da wata alama ta daban da jama'a za su danganta da ita, har ta kwatanta ƙanƙantar masu koken da yawan masu ziyartar shafin kamfanin. Sai da surutu ya yi yawa aka janye kayan. Ma'anar wannan ga mai ƙaramin kanti a bayyane take: ita ce ɗakin gwaji na kyauta. Ita za ta yi kasadar buga riga 24 ta ga ko za su karɓu. In ba su karɓu ba asararta ce ita kaɗai, in sun karɓu kuma cikin makonni za ta gan su a babban kanti a rabin farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu wayo daga cikinsu sun gane cewa abin da za a iya ɗauka a hoto a kwafa ba shi ne jari ba. Misali mafi kusa da mu shi ne Nike Davies-Okundaye, wadda aka haifa a Ogidi ta jihar Kogi a 1951, ta koyi saƙa da rinin adire tun tana yarinya a hannun tsofaffin gidansu. A 1983 ta buɗe cibiyarta a Osogbo tana koyar da sana'ar kyauta, mata da yawa suka samu abin dogaro da kai ta nan, daga baya ta gina babban gidan baje kolin zane a Lekki da ke Legas. Ba ta buga take a ƙirjin riga ba. Fafutukarta tana cikin tukunyar baba da hannun da ta koya wa aiki. Ko ita sana'ar adiren ba ta tsira ba, domin masu rini a Abeokuta sun daɗe suna kuka da jabun da ake bugowa da inji daga Sin, kamar yadda 'yan Kantin Kwari suka san labarin atamfa. Sai dai inji yana kwafe zanen zani ne, ba ya kwafe makarantar.

Shagon da ya fi koya mini wannan al'amari kuwa ya girmi kusan duk waɗannan. A 1904, a birnin Viyana na Ostiriya, 'yan'uwa mata uku, Pauline da Helene da Emilie Flöge, suka buɗe gidan ɗinki mai suna Schwestern Flöge a wani gini da ake kira Casa Piccola, a kan titin Mariahilfer. Josef Hoffmann da Koloman Moser, jagororin ƙungiyar masu fasaha ta Wiener Werkstätte da aka kafa shekara guda kafin nan, su suka tsara cikinsa, baƙi da fari, ba tarkacen ado irin na zamanin. Shahararren mai zane Gustav Klimt ɗan gida ne: ƙanensa Ernst ya auri Helene kafin ya rasu a 1892, shi kuma Gustav ya kasance abokin rayuwar Emilie har mutuwarsa a 1918. Da yawa daga matan attajiran da yake zana hotonsu su ne masu zuwa ɗinki a wurin.

Aƙidar Emilie tana cikin yankan riga ne. A lokacin, macen Turai mai hali tana ɗaure cikinta da wata ɗamara mai sanduna, a ja igiya ta baya har numfashi ya yi wuya, a ɗora yadi a kan yadi. Tun 1881 aka kafa ƙungiya a Landan don yaƙi da wannan, wadda har ta ce kada nauyin kayan ciki na mace ya wuce laba bakwai, abin da ke nuna yadda nauyin yake kafin nan. Emilie ta ɗinka doguwar riga sakakkiya, mai saukowa daga kafaɗa, mai faɗin hannu, ba ɗamara ba matsi. Duk wanda ya ga hotunan da Klimt ya ɗauke ta a bakin tafkin Attersee a 1906 zai yi murmushi, domin abin da Viyana ta ɗauka tawaye ne bai wuce bubun da iyayenmu mata ke sawa zuwa biki ba. Amma a can, a wancan lokaci, cewa ce jikin mace nata ne, ta yi numfashi, ta yi tafiya, ta yi aiki.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan rigar ba ita ke ciyar da shagon ba. Matan Viyana sun yaba, kaɗan ne suka yarda su fita da ita. Abin da ke biyan haya da albashin maɗinka, waɗanda a lokacin bunƙasa suka kai kusan tamanin, shi ne kayan yayi na yau da kullum. Sau biyu a shekara Emilie ke tafiya Paris da Landan ta ga abin da ake yi, ta sayo yadi, ta dawo a ɗinka wa matan manya abin da suke so. Wato rigar da ba ta yi imani da ita ba ce ke ɗaukar nauyin wadda ta yi imani da ita. Wasu za su kira wannan sassauci, ni ina ganin shi ne dalilin da shagon ya yi shekara 34 a tsaye, yana hannun mata, yana biyan mata, tun shekara goma sha huɗu kafin macen Ostiriya ta samu ƙuri'a a 1918. Shaguna nawa ne masu tsantsar aƙida suka kai rabin haka?

Ladan da tarihi ya ba ta shi ma abin lura ne. An daɗe ana jingina zayyanar rigunan ga Klimt, ita kuma ana ambatonta a matsayin matar da ke jikin hotonsa na 1902, ko wadda ake zaton ita ce a wani zanen nasa. Sai a 'yan shekarun nan masu bincike suka dawo da sunanta kan aikinta. Zanen da Klimt ya yi wa Adele Bloch-Bauer, ɗaya daga matan attajiran Viyana, an sayar da shi dala miliyan 135 a 2006. Rigunan Emilie kuwa 'yan kaɗan ne suka rage a duniya.

Kuma abin da ya kashe shagon ba haya ba ce, ba kwaikwayo ba ne. Shago irin wannan ba ya rayuwa da jama'ar gari gaba ɗaya, yana rayuwa ne da wani ɗan rukuni na mutane masu kuɗi da buɗaɗɗen ra'ayi a lokaci guda, kuma a Viyana yawancin wannan rukuni iyalan Yahudawa ne. Pauline ta rasu a 1917, Helene a 1936. A watan Maris na 1938 Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya, aka ƙwace dukiyar waɗannan iyalai, wasu suka gudu, wasu aka tafi da su. A shekarar Emilie ta rufe Casa Piccola, ta koma ɗinki a gidanta da ke lamba 39 titin Ungargasse. A ƙarshen yaƙi, a 1945, gobara ta cinye gidan, da rigunan da ta adana da kayan Klimt da ke wurinta. Ta rasu a Viyana a 1952, tana da shekara 77.